Tangaɗin da Ya Cinye Gona

Sun rushe katangar nan ta bayan tasha. Ranar kasuwa na bi ta wajen zan je duba ɗan rago, sai na tarar da magina suna jera bulo, wai shaguna za a yi wa masu cajin waya. Na tsaya ina kallo har wani ɗan acaɓa ya danna mini ham, ya ce, "Baba, a ba mu hanya mana." Na ba shi. Me zan ce masa? A wurinsa tsohuwar katangar ƙasa ce da awaki ke susa a jikinta. Mu kuwa a jikinta muka fara ganin Amurka, kuma a jikinta aminina Ɗanjuma ya ɗauko abin da ya yi masa suna a duk ƙasar Daura, abin da daga baya aka juya aka kashe masa baki da shi a gaban alƙali, gonar marayu ta salwanta. Ba zan ɓoye ba, har yau ban huce ba, kuma ban ga alamar zan huce ba.

Da kaka ake kawo mana sinima. Sai an gama ɗaurin gero an kai rumbu, hankalin iyaye ya kwanta, sannan wani mutumin Kano yakan zo da injinsa a bayan akori-kura, ya sa a shafe katangar da farar ƙasa, a kewaye filin da zana. Kafin ka sa ƙafa a wurin kuwa sai ka sauke nauyin gida. Ka cika randuna, ka zuba wa awaki harawa, ka kai jaki ya sha ruwa ka dawo ka ɗaure shi, ka je ka biya allonka. Mahaifina ba ya hanawa, amma ba ya sakin fuska. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Ciki ke ƙoshi, ido ba ya ƙoshi. Je ka, ka dawo ka same ni." Har yanzu kunnena yana riƙe da ƙarar wurin: janareto yana tari kafin ya kama, injin yana ƙirrr kamar keken ɗinki, masu rake da masu gyaɗa suna kira, da ihun da ke tashi in fim ya tsinke daidai lokacin da akta ya zaro bindiga. Turanci kuwa babu mai ji a cikinmu, har waɗanda suka yi elementare, don Turancin kaboyi ta hanci yake fita. Amma ba mu taɓa rasa labari ba. Kowace tabarma da malaminta, mu ne muke sa wa Turawan magana a baki, a yi ta musu, a tashi ana musu, gobe a bakin rijiya a ɗora daga inda aka tsaya. Yanzu kuwa yaro ya shige ɗaki ya toshe kunne, fim ɗin ma an juya masa shi da Hausa, an tauna an ba shi a baki, ya gama kallo bai yi dariya da kowa ba. Ni ban kira wannan kallo ba.

A cikin duk Turawan da suka bi ta jikin katangar nan akwai wani da ba mu taɓa sanin sunansa ba. Ba shi ne akta ba, ba shi ne bos ba, hotonsa ba ya fitowa a takardar da ake mannawa a ƙofa. Wani siriri ne mai dogon wuya, da wata hula da ta sha duniya. Aikinsa ɗaya, shi ne mashayin gari. Duk garin kaboyin da aka nuna, in dai akwai gidan giya, to yana ciki ko yana bakin ƙofa. A cillo shi waje, ya faɗa kwamin da dawaki ke shan ruwa, ya tashi ya gyara hula, ya gaida jama'a cikin ladabi kamar babu abin da ya faru. Wani lokacin kafin ka gama ɓare gyaɗar da ke hannunka ya gama nasa ya ɓace. Muka sa masa suna Baban Kwalba. Da ya leƙo sai filin gaba ɗaya ya ɗauka, "Ga shi nan! Ga ɗan banzan nan!" Mu dai a zatonmu mashayi ne na gaske da suke tsintowa a bakin hanya, su ba shi na kwalba, ya zo ya yi musu shirme.

Ɗanjuma ne ya raba ni da wannan zato. Tare muka tashi, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ɗan gidan dukawa ne, kullum yatsunsa ja da rinin fata. Shi ba ya ihu a sinima, zuru yake yi, leɓensa yana motsi. Wata safiya muna jan ruwa a rijiya sai ya ce mini, "Kai, mutumin nan fa ba ya shan komai."

Na ce, "Kai ma dai da wata magana. Wanda ke faɗawa kwamin dawaki?"

Ya ce, "To ka taɓa ganin ya faɗi a gefe? Kullum a tsakiya yake faɗawa, kuma hularsa ba ta taɓa jiƙewa. Mashayi yana saiti ne?" Ya ajiye guga. "Kuma ka lura, ba faɗuwa yake kwaikwayo ba. Ƙoƙarin kada ya faɗi yake kwaikwayo. A nan gizo ke saƙar."

Sai ya miƙe ya nuna mini. Ya ɗaga kai sama kamar hakimi, ya zuba wa wata bishiyar kuka ido, ya nufe ta da iyakacin gaskiyarsa, ƙafafunsa kuwa suka ƙi ba shi haɗin kai. Ya tsaya ya yi musu kallon tuhuma, ya ba su haƙuri, ya sake gwadawa. Matan da suka zo ɗiban ruwa har da mai sakin tulu don dariya. Ni kuwa na zauna a ƙasa na riƙe ciki. Tun daga ranar sunansa ya koma Tangaɗi.

Da tashe ya fara, cikin azumi, muna bin gidaje. Da muka zama samari, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, aka nemo shi tun kafin a nemo benci. Ni aikina riƙe lasifika, don Allah bai ba ni fuskar wasa ba. Hukuma da kanta ta ba mu mota da direba, aka ce mu shiga ƙauyuka wayar da kai, a kan rigakafi, a kan taki, a kan shaye-shaye. Mun ci kasuwar Mashi, mun ci ta Dutsi, mun je Zango da Mai'aduwa har bakin iyaka. Ko'ina labarin ɗaya ne, Tangaɗi ya gaji gona da shanu, ya shanye su a kwalba, ya ƙare a kwata yana kiran uwarsa. Mutane su yi dariya har hawaye, can ƙarshe kuma wurin ya yi tsit. Na ga dagatai sun miƙa masa hannu. Na ji da kunnena wani babban malami ya ce masa, "Wa'azinka ya fi namu shiga, don mu faɗa muke yi, kai nunawa kake yi." Kwalbar kuwa wata koriya ce, matarsa ke jiƙa tsamiya ta tace ta cika masa ita kafin mu tashi. Kowa a motar ya sani. Direbanmu ma, in rana ta take a hanyar Dutsi, shi ke miƙo hannu baya ya ce, "Tangaɗi, ba ni giyar nan taka in jiƙa maƙogwaro." Ya sha rabi ya mayar. Ku riƙe direban nan, za ku sake jin sa.

Shi ma Baban Kwalba bai tsaya wuri ɗaya ba. Sinimar bayan tasha ta mutu, talabijin ya shigo, muka koma kallo a zauren wani malamin makaranta, kuma sai ga mutuminmu ya biyo mu can. Ya yi furfura, wuyan ya ƙara tsawo, an raba shi da kwalba. Yau mai kanti ne, gobe likitan ƙauye, jibi kakan wasu yara. Har yanzu dai ba shi ne akta ba, amma in ya shigo sai ka ji wasan ya zauna. Wata rana kawai sai ga shi a kan kujerar alƙali, da baƙar riga da 'yar guduma, yana yanke hukunci, manyan lauyoyi suna sunkuya masa. Ɗanjuma ya dafe cinyata ya ce, "Ka gani? A garinsu an san wasa wasa ne. Jiya yana kwamin dawaki, yau yana kan kujera, babu wanda ya ce masa ci kanka." Daga baya malamin ya ce ya gani a wata mujalla cewa tsohon ya mutu a gidansa, cikin jikokinsa, abokan sana'arsa sun taru suna yabonsa. Ko gaskiya ne, Allah masani. Ɗanjuma ya ce, "Malamina ne, ko da bai sani ba."

Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci muna sahun gaba wajen kabbara, ni da Ɗanjuma. Wa zai ƙi? An rufe gidajen giya na gaske, waɗanda shi ya yi shekaru yana yaƙa da kwalbar tsamiya. Ƙungiyarmu dama ta riga ta watse, kaset ya kashe mata kasuwa. Ɗanjuma bai yi jayayya ba. Ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, ya miƙa wa matarsa kwalbar ta riƙa zuba man gyaɗa, ya koma kan fatarsa yana ɗinka kube da jakunkuna. Gemunsa ya yi fari. In ladan ya makara shi ke kiran salla. In za a ɗaura aure a unguwa, shi ake fara aika wa goro.

To a nan maganar gona ta shigo. Muna da wani aboki, Sale, talaka ne liƙis amma mai zuciya. Akwai wani tsoho mai gonaki a unguwarmu da ciwo ya kwantar, ɗansa guda kuma ya tafi kudu neman kuɗi, ko aike ba ya yi. Sale ne ya yi jinyar tsohon nan, shi ke juya shi, shi ke wanke shi, har abin da ɗan cikinsa zai ƙyamata. Kafin tsohon ya cika ya kira limamin unguwa da Ɗanjuma, ya ce su shaida ya ba Sale gonarsa ta bakin hanyar Zango kyauta, halak malak. Aka shafa fatiha, aka raba goro. Ba a yi takarda ba, don a lokacin bakin dattijo shi ne takarda. Ni ba na nan, na tafi Damagaram fatauci, labari na dawo na tarar. Sale ya yi ta noman gonarsa har Allah ya karɓi ransa, ya bar matarsa Hajo da 'ya'ya, mafi yawansu mata, kuma geron gonar nan shi ne tuwonsu daga kaka zuwa kaka. Liman ma ya rasu. Ana nan gari ya faɗaɗa, gine-gine suka doshi hanyar Zango, gona ta zama abin yankawa filoti-filoti. Sai ga ɗan tsohon ya dawo daga kudu, ya zama Alhaji, da tumbi da mota, ya ce shi bai san da wata kyauta ba, aro ubansa ya bayar, a ba shi gonarsa.

Aka je gaban alƙali. Alƙalin baƙo ne a ƙasarmu, matashi, mai karatu, kuma ban ga son zuciya a tare da shi ba. Ya ce tunda Alhaji ba ya gari duk shekarun nan, daɗewar noma ba za ta hana shi magana ba, sai magada su kawo shaidar kyauta. Amma ya ce a sha'anin dukiya shaida ɗaya adali ya isa, in magada suka haɗa da rantsuwa. Da muka ji haka muka ce alhamdu lillahi, gona ta zauna. Duk Daura ina za a sami wanda ya fi Ɗanjuma gaskiya? Mutumin da in ya tsinci allura sai ya yi cigiya.

Ranar zaman ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ya tsaya ya ba da shaida tiryan-tiryan, inda tsohon yake kwance, abin da ya ce, wanda ya shafa fatiha. Hajo tana can gefen mata ta sunkuyar da kai, amma na ga kafaɗunta sun sauka. Alƙali ya juya ga Alhaji ya ce, "Kana da suka a kan wannan shaida?"

Alhaji ya ce, "Ina da ita, Allah ya gafarta Malam. Mashayi ne. Ina da masu faɗa."

Na yi dariya a raina, na ce bari mu ga wane mara kunya ne zai tashi. Sai ga wani mai sayar da goro, wanda tun muna samari yake shimfiɗa tabarmarsa a gaba in za mu yi wasa. A bayansa kuma sai ga direbanmu, ya tsufa, ya sa rawani, yana jan carbi.

Direba ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na gan shi da idona yana tangaɗi da kwalba a hannu, a tsakiyar kasuwar Mashi, rana tsaka, yana faɗawa kwata. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Gani kuwa ya kori ji."

Alƙali ya ce, "Ka san abin da ke cikin kwalbar?"

Ya ɗan ja carbi. Ya ce, "Ni dai kwalba na gani, Allah ya gafarta Malam. Koriya."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Kai! Kwalbar da kake shanye rabinta a hanyar Dutsi?" Ɗan sanda ya daka mini tsawa. Alƙali ya ce a bar ni, ya saurare ni har na gama, na faɗi wasan, na faɗi motar hukuma, na faɗi tsamiya. Ya ce ya ji, amma a ƙa'ida wanda ya ce ya gani yana gaban wanda ya ce bai gani ba. Duk da haka na lura maganar ta tsaya masa a rai. Ya dubi Ɗanjuma ya ce, "Malam, mutum mai hankalinsa garau zai iya yin abin da har masu kallo za su rantse a buge yake?"

Da a ce Ɗanjuma ya ce i ya yi shiru, da wataƙila yau wani labarin nake ba ku. Amma an taɓo masa sana'a. Na ga idonsa ya yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai sai mai hankali garau ne ma zai iya. In an yarda in nuna." Na kama gefen rigarsa na ja, ya fizge. Alƙali bai ce i ba, bai ce a'a ba, shi kuwa ya ɗauki shirun a matsayin izini.

Ya ɗaga kai sama. Ya zuba wa ƙofar kotu ido, ya nufe ta da iyakacin gaskiyarsa, ƙafafun suka ƙi. Ya tsaya ya yi musu kallon tuhuma. Ya gyara hula, ya gaida ginshiƙi cikin ladabi, ya nemi gafararsa don ya taka shi. Dattijo mai farin gemu, babu kwalba, babu kiɗa, amma wallahi bai taɓa yin wanda ya kai na ranar kyau ba. Kotu ta kece. Masu rubutu suka kifa kai a tebur, ɗan sandan da ya daka mini tsawa ya juya baya kafaɗunsa suna rawa, alƙali da kansa ya ja gefen rawani ya rufe baki. Sannan Ɗanjuma ya miƙe tsaf, ya dawo wurinsa da tafiyarsa ta kullum, ya ce, "Ka gani, Allah ya gafarta Malam? Wannan ita ce giyar tawa."

Alhaji ya bari dariyar ta lafa. Sannan ya ce a hankali, "To, na janye maganar giya, Allah ya gafarta Malam. Amma a duba. Dattijo ne wannan, a zauren shari'a, a gaban Alƙur'ani. Ina kamun kai? Ina mutunci? Da bakin irin wannan za a raba ni da gadon ubana?"

Waɗanda suka gama riƙe ciki yanzun nan, su ne suka fara gyaɗa kai suna cewa lalle kam, abin bai dace ba. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, hawayen dariya bai bushe a idonsu ba. Alƙali ya ɗage zaman. Da aka dawo ya ce bai sami Ɗanjuma da shan giya ba, amma shaida tana bukatar mai kamun kai, kuma abin da ya gani da idonsa ba zai iya cewa bai gani ba. Shaida ta faɗi. Rantsuwa ta koma kan Alhaji, ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya ce bai san da kyauta ba. Ta yiwu ma gaskiyarsa ce, ina zai sani, yana can kudu lokacin da wani ke kwashe kashin ubansa?

A bakin kotu Hajo ta zo ta durƙusa ta gaida Ɗanjuma. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Allah ya ga niyyarka." Sannan ta ƙara da cewa, "Sun dai yi dariya." Na tabbata ba da wata manufa ta faɗa ba, amma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Kada wani ya ce shari'a nake jin haushi. Shari'a ba ta ƙarya, mutane ke yi mata. Alƙalin ma ban riƙe shi ba, abin da aka kawo gabansa ya auna. Waɗanda nake jin haushi su ne mutanen garin nan, da suka yi shekaru suna cin dariyar mutum kyauta, suna kiransa bikin 'ya'yansu, suna cewa wa'azinsa ya fi na malamai, amma ranar da yake bukatar mutum biyu su tashi su ce mun san shi, kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. A da, in dattijo ya faɗi magana a unguwa, ba a tambayar yadda yake tafiya, halinsa ake dubawa. Yanzu kuwa ka tsayar da gemu, ka ɗaure fuska, ka ja carbi a bainar jama'a, ka zaɓi kalmominka yadda ba za a kama ka da ƙarya ba, shi ke nan ka zama adali. Wancan Bature ya yi rayuwarsa yana faɗawa kwami, mutanensa suka ɗora shi a kujera suka tafa masa. Namu ya yi amfani da abin da ya koya wurinsa ya hana 'ya'yanmu shaye-shaye, muka saka masa da cewa bakinsa bai isa ya tsare wa marayu tuwo ba.

Kafin damina ta zagayo an kafa duwatsun filoti a gonar. Hajo ta koma surfe da wankau a gidajen mutane, manyan 'yan matan suka shiga talla. Ɗanjuma kuwa ya bi ya rufe kansa. Goron ɗaurin aure ya daina zuwa, don wa zai so a ce shaidar auren 'yarsa wanda kotu ta kora ne? Duk abin da ya samu a ɗinkin fata sai ya raba biyu ya aika wa Hajo da rabi a ɓoye, ta hannun matarsa. Sai kuma hawan jini ya kama shi, ya zo masa da jiri. In ya miƙe ƙasa takan juya masa, ƙafa ta ƙi zuwa inda ya aike ta. Ranar da ya fara jin haka a hanyar masallaci, ya dafa bango ya lallaɓa ya koma gida, bai ƙara fita ba. Na je na same shi a zaure na ce ya dafa kafaɗata mu riƙa zuwa tare, ko Juma'a ce.

Ya ce, "A'a, mutumina. In suka gan ni ina layi a titi, cewa za su yi ka ga, dama an faɗa. Ba zan ba su wannan ba."

Na ce, "Wa zai ce? Kowa ya san ciwo ne."

Ya ce, "Da ma ai kowa ya san tsamiya ce."

Haka mutumin da ya taka kowace kasuwa a ƙasar nan ya ƙare kwanakinsa tsakanin ɗaki da zaure, yana jin kiran salla daga bakin wani.

Ranar da ya rasu jama'a ta taru fiye da zatona. Da aka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Can sai ga direba, da rawaninsa da carbinsa. Ya zauna kusa da ni, ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya girgiza kai ya ce, "Allahu akbar. Shaidar duniya ita ce ta lahira. Ni na zauna da bawan Allahn nan, mota ɗaya, kwano ɗaya. Wallahi ko taba bai taɓa kai wa bakinsa ba. Kwalbar nan tasa ma ruwan tsamiya ne, ni nan na sha sha."

Jama'a suka ce Allahu akbar, Allah ya jiƙansa.

Na kama hannunsa na riƙe gam, na ce, "Maimaita."

Ya ce, "Me fa, Malam?"

Na ce, "Abin da ka faɗa yanzu. Tashi mu je gaban alƙali ka maimaita. Hajo tana nan cikin gida, 'ya'yanta suna nan, ga mutane sun ji ka. Tashi."

Ya dube ni da mamaki na gaske, kamar ni ne na yi abin kunya a wurin makoki. Ya zare hannunsa a hankali, ya gyara rawani. Ya ce, "Haba, Malam. Ai waccan shari'a ce. Wannan kuwa gaisuwar mutuwa ce."

Wani ya miƙo masa ruwa, ya sha, ya yi mana Allah ya ba da haƙuri, ya tashi ya tafi, tafiyarsa a miƙe sak.